Mai Gadin Rediyon Alhaji Mudi

Na san sunan da ake kirana da shi a bayan idona, kuma na san kun sani: Isuhu Mai Kurman Rediyo. Ke Hadiza kin taɓa dawowa daga makaranta da yagaggen hijabi saboda sunan nan, kika ce mini ƙusa ce ta kama shi. Na yi kamar na yarda ne kawai, don uwar yarinyar da kika fasa wa baki ta riga ki zuwa shagona. Shekara ashirin da ɗoriya ina jin sunan ina haɗiyewa, saboda mahaifiyarku Rabi ta roƙe ni in bar maganar ta mutu. To, maganar ta ƙi mutuwa, ni kuwa ga furfura har gira. Zan rubuta muku yadda aka yi, wanda ya ji haushi ya nemi ruwan sanyi ya sha.

A lokacin shekara guda ke nan da aka ba mu jiha. Gusau ta cika da baƙin ma'aikata, kowa da rediyonsa da rakodarsa, ni kuma ina da shago kusa da tashar manyan motoci, aiki har ya fi ƙarfina. Babban aikina shi ne na ƙungiyar masu motocin ɗaukar hatsi, wadda Alhaji Mudi ke shugabanta. Kada ku ɗauka mugun mutum ne. Ya haƙa rijiya a unguwarsu, kuma ba a taɓa zuwa ƙofarsa da yunwa an koma da ita ba. Abu ɗaya ne da shi: ba ya ƙaunar ƙara. Ƙofa ta yi ƙiii, sai ransa ya ɓaci. Kujera ta yi kuka, sai ya tashi tsaye. A tagar ofishinsa akwai wata 'yar kwalbar man gyaɗa da gashin kaza a tsome ciki, da ita yake bin duk abin da ya yi masa kuka, da hannunsa, ba ya sa kowa. Direbobi har tsokana suke yi, wai in ka cika tari a gaban Alhaji zai ɗiga maka a maƙogwaro.

Motocin ƙungiya goma sha ɗaya ne, kowace da oba-oba a cikinta, wato rediyon da direba ke magana da ita, amma duk tsofaffi aka sayo su daban-daban, kowace da layin da take magana a kai. Shi ya sa Alhaji ya sayo wata na'ura da ake ce wa sikana ya ajiye a kan teburinsa. Ita ba ta magana, sauraro kawai take. Tana bin layukan nan ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, inda ta ji murya sai ta tsaya a ji, in an gama ta ci gaba da zagaye. A gabanta akwai abin murɗawa guda biyu. Ɗaya na ƙara murya ne, kowa ya san shi. Ɗayan an rubuta masa wata kalmar Turanci da ba wanda ke iya faɗi, mu masu gyara muna ce masa mai gadi. Aikinsa tsare ƙofa. Kun san shuuu ɗin nan da rediyo ke yi in ba tasha? Shi ke hana ta fitowa, sai murya ta zo ya buɗe. In ka sassauta shi da yawa, hayaniya ta cika ɗaki. In ka matse shi da yawa, sai ya zama irin mai gadin gidan masu kuɗi, wanda sai mai babbar riga yake buɗe wa. Motar da ke kusa za a ji ta rangaɗaɗau, wadda ke nesa kuwa, mai 'yar siririyar murya, sai ta yi ta sallama ba a amsa ba.

Da kaka ta kusa, Alhaji ya kira ni in duba sikanar kafin motoci su fara shiga ƙauyuka. Na duba, komai lafiya, sai mai gadin nan da ya yi tauri, ƙaiƙayin hatsi ya shige shi. Na je wurin Emeka mai sayar da kayan gyara, ya ce babu irinsa sai an kawo daga Kano. Sai na daidaita shi a daidai bakin shiru, inda in an ƙara sassautawa kaɗan hayaniya za ta ɓarke, don a riƙa jin motocin nesa. Na ɗauko jan farcen mahaifiyarku na ɗiga a wurin, alama ke nan. A wannan matsayin, lokaci-lokaci yakan saki 'yar shuuu ya ɗauke, ba makawa.

"Alhaji, wannan kada a taɓa shi," na ce.

"Mi yake yi?"

"Aikinmu ne, ranka ya daɗe. A dai bar shi kan jan nan."

Kun ji nawa laifin, kuma ban taɓa ɓoye shi ba. Mutum ya tambaye ni, na hana shi sani. Haka muke a lokacin, duk mai sana'a yana ƙulle iliminsa kamar za a sace. Da na zauna minti biyar na yi masa bayanin da na yi muku yanzu, wataƙila da ba a kai ga wannan rubutun ba.

Mako uku bayan nan, wata ranar Talata, Lawali direba ya tashi da sassafe zuwa wani ƙauye bayan Tsafe ɗaukar masara. Shi kaɗai ne, masu lodi na can suna jiransa. A kan hanyar daji gefen wani kwalbati ya zabtare, mota ta kwanta cikin kware, gaban ya lotse ya danne masa ƙafar dama. Hannunsa na kaiwa ga oba-oba. Tun hantsi yake kira har la'asar sakaliya, sai da wani Bafillace mai kiwo ya ji nishinsa ya kira mutane. Duk tsawon yinin nan Alhaji na zaune a ofis, sikana na gabansa tana ƙifta fitilu, tsit. Da aka kai Lawali asibiti, likita ya ce an makara, aka yanke ƙafar daga gwiwa. Kafin gari ya waye magana ta gama tasha: Isuhu ne ya taɓa rediyon, Isuhu ya kurmantar da ita.

Na je ofis da jakar kayana, raina a ɓace, ga shi ni ma ban tabbata ba laifina ba ne. Na fara daga waje. Na hau rufi na duba eriya, tana tsaye ƙyam. Na bi wayarta taku-taku har cikin ɗaki, ba inda ɓera ya ci. Batir cike yake. Na sa wani direba ya yi magana daga cikin tasha, sai ga muryarsa ta cika ofis, wanda ya nuna sifika da abin ƙara murya lafiyarsu lau. Sai na kalli mai gadi. Ya bar kan jan farce, an kai shi can ƙurya. Na ce to, da sauƙi, murɗawa kawai aka yi. Na kama shi zan mayar, sai na ji yana juyawa sumul kamar sabo, abin da na bari da tauri. Na sassauta shi har ƙarshe, inda ya kamata hayaniya ta kashe mana kunne. Ko ƙas. Na kai shi gaba, na dawo da shi baya, shiru. Na kwance murfi na ɗora mita a kan ƙafafunsa ina murɗawa, allura ta ƙi motsi, sai can ta yi tsalle ta koma. Wato ko da wani ya mayar da shi kan ja, ƙofar a rufe take.

Na narkar da dalma na cire shi, na buɗe cikinsa da bakin wuƙa. Abin ba wani girma gare shi ba, ɗan zobe ne na baƙin gawayi da wani ɗan harshen ƙarfe da ke yawo a kansa. Harshen ya daina taɓa zoben, wani danƙo mai ruwan ƙasa ya shiga tsakaninsu, mai ne ya haɗu da ƙaiƙayi ya daskare. Na kai hanci. Ƙamshin ƙuli-ƙuli ya buge ni. A jikin sandar kuma ga wani ɗan zaren gashin kaza a manne. Na ɗaga kai, idona ya faɗa kan kwalbar da ke taga, sannan ya faɗa cikin na Alhaji. Ya sallami kowa ya tura ƙofa, ƙofar da ba ta taɓa yin kuka ba.

"Malam Isuhu, zauna," ya ce. "Abin yana ta yi mani shuuu ina lazimi. Na murɗa, ya ƙi. Ɗigo biyu na sa, wallahi ɗigo biyu."

"Na gani, Alhaji."

"Ran Juma'a ƙungiya za ta zauna a kan maganar. Kai yaro ne, in ka ce hannunka ne ya kuskure, za a yi faɗa a yafe, kwana biyu an manta. Ni kuwa dattijo ne, ina zan kai wanga abu? Aikinka na nan, ba mai taɓa ka. Lawali kuma ni zan riƙe shi da iyalinsa."

Shekarata talatin da takwas a lokacin, da 'ya'ya huɗu, wai yaro. Ya dai ba ni tausayi. Amma na naɗe mai gadin a tsumma na sa a aljihu, na ce masa zan yi tunani.

A gida na tarar da Yaya Bawa, wana, wanda yake ɗan kamasho a ƙungiyar, ya riga ni zuwa. Ko ruwa bai bari na sha ba.

"Isuhu, na san halinka tun kana rarrafe. Kada ka kuskura. Mutumin nan da shi muke ci da kai da ni. Ka sunkuyar da kai sau ɗaya a rayuwarka, mi zai ragu a jikinka?"

"Ƙafar mutum ce, Yaya, ba kofin shayi aka fasa ba."

"To faɗar gaskiyar za ta tsiro masa da wata?"

Mahaifiyarku na bakin murhu da cikin Sanusi wata bakwai, tana tuƙa tuwo har ya fita. Sai da ta ajiye mini tuwo sannan ta yi magana, ba ta ma kalle ni ba.

"Malam, ni tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. In ka ja da Alhaji ban san inda za mu kwana ba. Amma in ka ɗauki ƙafar Lawali ka ɗora a kanka, ba kai kaɗai za ka ɗauka ba, yaran nan za su gada. Ka zaɓi wanda za ka iya kwana da shi."

Kafin in zaɓa, akwai abin da nake son sani. Wataƙila ma muryar Lawali ba ta taɓa isowa Gusau ba, wuri da nisa, mota a kwance, eriyarta na kallon ƙasa. In haka ne, ba ruwan mai, ba ruwan kowa, sai in rufe bakina. Washegari kayan Emeka sun iso daga Kano, na sa sabon mai gadi, na daidaita shi a bakin shiru kamar da. Na roƙi Yaya Bawa ya zauna a ofis daga azahar, ya ce haukana ya isa, amma ya zauna. Na shiga motar Tsafe da batir a buhu, daga can na hau acaɓa har kwaren. Motar na nan a kwance ba a janye ta ba. Na kutsa cikin gaban da ya lotse, na kwanta inda Lawali ya kwanta, jininsa ya bushe a kan kujera, ƙudaje na bi. Na haɗa batir, na ɗauki abin maganar da ya yini yana riƙe da shi. Na ce, "Yaya Bawa, Isuhu ne. In kana ji na, goro nawa ne a aljihunka?" Sau uku na faɗa. Da na dawo Gusau gab da magariba na same shi zaune a bakin ofis, ya haɗa kai da gwiwa.

"Biyu ne," ya ce. "Da ƙyar ake jin ka, kamar daga cikin rijiya. Amma na ji."

Ran Juma'a bayan la'asar aka taru a rumfar ƙungiya, masu motoci a kan benci, direbobi a tsaye. Wani dattijo ya buɗe da addu'a, sannan ya ce, "Malam Isuhu, an ce kana da abin faɗa, ka roƙi gafara a wuce wurin." Na tashi. Na ce an tambaye ni aikin abin nan na ƙi faɗa, wannan nawa ne, kuma ina roƙon gafarar Allah da ta Lawali a kansa. Sannan na yi musu bayanin mai gadi tun daga farko, abin da ya kamata in yi tuntuni. Na kwance tsumma na miƙa wa na kusa da ni.

"Sansana ka miƙa gaba," na ce.

Ya bi hannu-hannu. Duk wanda ya kai hanci sai ya sunkuyar da kai. Can dattijon nan ya gyara murya ya ce, to wa ya zuba man? Na so in yi shiru, wallahi na so. Sai wani daga cikin masu motoci ya ce ai masu gyara ma suna sa mai, wa ya sani ko shi ne. Nan jinina ya hau.

"Shekara ashirin ina sana'ar nan ban taɓa soya rediyo ba," na ce. "Ban ga mai zubawa ba. Amma kwalbar man gyaɗa ɗaya ce a ofishin nan, kuma duk wanda ke wurin nan ya san hannun da ke ɗaukarta."

Alhaji Mudi ya tashi ya saɓa babbar rigarsa ya fita. Ina tsammanin an gama, gaskiya ta fito. Ashe ban san mutanenmu ba. Ba wanda ya ƙaryata ni, amma ba wanda ya yafe mini. Maganar ta tashi daga ƙafar Lawali ta koma kan rashin kunyar Isuhu, wanda ya tsinka dattijo a bainar jama'a. Aikin ƙungiya ya tafi a ranar. Direbobin da suka sansana da hancinsu suka koma wucewa ta gaban shagona suna kallon gefe. Mai shagon, aminin Alhaji ne, ya ce yana son wurinsa kafin wata ya mutu. Yaya Bawa ya rasa kamashonsa saboda an ji shi ya taya ni gwajin goro biyun nan, ya yi shekara uku bai taka gidana ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. A Bungudu aka haifi Sanusi, a ɗaki ɗaya na gidan kawun mahaifiyarku, ina gyaran tocila da ƙananan rediyon manoma a ƙarƙashin bishiya. Labari kuwa da ya yi tafiya sai ya sauke kayan da suka yi masa nauyi. Man gyaɗa ya faɗi a hanya, sunan ne kawai ya iso.

Kuna iya tambaya ko na yi nadama. Na yi nadamar yadda na faɗa, da na iya cewa a kira dattawa uku a ɗaki. Amma an ba ni zaɓi ne tsakanin ƙarya da rashin kunya, kuma ko gobe aka sake ba ni, rashin kunyar zan ɗauka. Alhaji ya riƙe iyalin Lawali har ya rasu, wannan ma ku sani, Allah ya jiƙansa. Bai dai taɓa buɗe baki ya wanke ni ba.

Bayan kamar shekara guda, wata ranar kasuwa, na ɗaga kai daga aiki sai na ga mutum a kan sanduna biyu, ƙafar wandonsa a naɗe an soke da fil. Lawali ne. Tun da abin ya faru ban iya zuwa gaishe shi ba, kunya ta hana ni. Na ba shi bencina, na tsuguna a ƙasa. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Malam Isuhu, ban zo neman mai laifi ba, wannan na bar wa Allah. An ce ka je ka kwanta inda na kwanta."

"Na je."

"Yinin nan duka ina kira. Da farko ina kiran ofis, sannan na koma kiran Alhaji da sunansa, daga baya har sunan uwata na kira. Tun daga ranar abu ɗaya ke hana ni sukuni. Ina so in sani, ni kaɗai nake ta haukana a daji, ko muryar ta je?"

Da na ga dama da na ce masa wurin ya yi nisa, ba na'urar da za ta ji shi, ƙaddara ce tsantsa. Da ya fi samun sauƙi, ina ji. Amma ban ƙi yi wa Alhaji ƙarya don in zo in yi wa Lawali ba.

"Ta je, Lawali," na ce. "Kowace kalma ta je Gusau, har kan teburin. Ƙofa ce ba a buɗe mata ba."

Lawali ya share fuska da hularsa, ya ce alhamdu lillahi, ashe dai ya yi iyakar nasa. Ya ciro wata 'yar rediyo daga aljihu ya ce ta daina kama tasha, a Gusau an ce ya kai wa wani, shi kuwa ya ce sai ni. Tun daga Gusau ya hau mota da ƙafa ɗaya ya kawo mini gyaran da ko yaro zai iya.

Gwangwanin madarar nan da ke ƙasan akwatina, wanda mahaifiyarku ke hana ku taɓawa, mai gadin ne a ciki, a tsummansa. Na buɗe shi bara, ƙamshin ya tafi, sai danƙon da zaren gashin kazar. Ba sai kun nuna wa kowa ba, kuma Hadiza, ba sai kin sake fasa bakin kowa ba. Duk wanda ya ƙara ce muku 'ya'yan Mai Kurman Rediyo, ku amsa masa da fara'a, sannan ku tambaye shi wa Lawali ya kai wa rediyonsa.